Direban Gidan Yari da Ba Ya Yarda da Kowa

Kullum da safe Baba Direba kan iso gidan yari rungume da batirin mota kamar jariri. A gida yake kwana da shi. Ya ɗaura, ya shinshina mai, ya bi tayoyi da ƙafa, yana hararar duk wanda ya cika fara'a. Gandurobobi suna ce masa Ban-yarda-ba, shi kuwa ko a jikinsa. Ya lura cewa motar kai fursunoni kotu ba ta tashi lalacewa sai ranar shari'ar da wani babba ba ya so a yi.

Yayana yana cikin masu jiran shari'a, bisa ƙazafin da wani mai hanya ya yi masa. An yi ta ɗage zama saboda ba a kawo shi ba. Shaidarsa ɗaya tak, wata tsohuwa maƙwabciyarmu, jikinta kullum ƙara lalacewa yake. In ta faɗi, shi ke nan, yayana ya dawwama a ciki.

Ranar da muka samu muka kai ta kotu, sai na koma bakin ƙofar gidan yari ina jira. Aka loda mutane, babu yayana. Wani ganduroba ya ce, "Baba, ja mu tafi, wancan ba shi da lafiya."

"Tun yaushe?"

"Kai dai ja mota."

Baba ya ja, ya gindaya motar a tsakiyar ƙofa, ya kashe. "Allah sarki. Ai asibiti a kan hanya yake. A fito da shi in sauke shi, sai na sami lada."

Motar ogan gidan yari ta zo fita, babu hanya. Aka yi ta hon, Baba na goge gilashi. Can sai ga yayana garau, yana mamaki, ashe ko gaya masa ba a yi ba cewa yau ce ranarsa. Baba ya zarce da shi kotu. Tsohuwa ta ba da shaida a zaune, kuma ba ta ga ƙarshen watan ba. Yayana yana gida yanzu.

Baba, kai ne ka ɗauki baƙin jini don wasu su ga alƙali. Yau ka yi ritaya, kuma na ga waɗanda suka fi kowa tafi a wajen sallamarka, ban ji daɗin tafin nan ba. Mun gode, Allah Ya saka da alheri.

Kai kuma da aka miƙa wa makullin motar, don Allah kar ka cika yarda. Akwai 'yan'uwan mutane a bayan katangar nan da ba wanda ya ji ta bakinsu tukuna.