Ranar da Yaya Isiyaku Ya Kira Sunan 'Yarsa

A watan nan ne aka cika shekara bakwai da muka kai yayana, Malam Isiyaku, makwancinsa a nan Riyad. Har yau idan na bi ta unguwar Ulaisha na hango benen da ya zauna, sai in ji na rage gudun mota ban sani ba. Tafinta ne a ofishin jakadancinmu, ya ƙare rayuwarsa yana isar da maganar wasu, tasa kuwa sai an yi da gaske. Nakan tsokane shi cewa a ofis yake ƙarar da kalmominsa, ya dawo gida hannu rabbana.

'Yarsa ta fari, Hauwa'u, a nan ta tashi, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta. Shi kuwa Yaya da alkunyarsa ta mutanen dauri ya zo, bai rage ko ƙwayar zarra ba. Bai taɓa kiran sunanta ba. "Yarinyar nan" ce, ko "ke". Tana ganin yadda iyayen ƙawayenta Larabawa ke tarairayarsu a bainar jama'a, abin yana ci mata rai. Ta taɓa tambayata, "Baffa, wai laifin me na yi wa Baba?" Na ce ba ta yi komai ba, haka ake yi wa ɗan fari a wajenmu. Ban ga alamar ta gamsu ba.

Burinta ta zama likita. Sai dai shekarun da ta yi digirin kimiyyar halittu su ne shekarun ciwon ƙodar mahaifiyarta. Ita ke raka ta wankin ƙoda, ita ke auna mata ruwan sha, ita ke faɗa da kowa a kan gishiri. Mahaifiyar ta rasu, sakamako ya fito da "maƙbul", wato an tsallake da ƙyar. Wata kwalejin likitanci tana da shirin share fage na shekara guda ga masu digiri, wanda ya ci ya wuce karatun likitanci. Guraben kaɗan ne, shekarunta kuma suna gab da wuce ƙa'idarsu. Idan ta rasa a wannan karon, shi ke nan.

Ranar ganawar tantancewa ni na kai ta tare da Yaya, don lokacin mata ba sa tuƙi. Ta fito idanunta sun yi ja. An tambaye ta dalilin raunin makinta, ta ce musu ba ta yi ƙoƙari ba ne. "Baffa, ba zan nemi alfarma da jinyar Umma ba," in ji ta. Na raɗa wa Yaya cewa mu nemi wasɗa, wani mai faɗa-a-ji da zai sa baki. Hararar da ya watsa min ta ishe ni amsa.

Muka shiga masallacin kwalejin sallar Azahar. Ana sallamewa Yaya ya nufi dattijon likitan da muka ga yana kiran masu ganawa. "Likita, ba roƙo na zo yi ba," ya ce da Larabci. "Akwai abin da wata yarinya ta ɓoye muku, ni kuma a gabana aka yi." Ya kwashe labarin jinyar ya faɗa masa. Likitan ya ce, "Yau 'yan mata da yawa muka gani. Wace ce?"

Na buɗe baki zan fitar da shi kunya kamar yadda na saba, sai ya damƙe wuyan hannuna. "Hauwa'u," ya ce. "Hauwa'u, 'yata. Ban taɓa ganin mai haƙurinta ba."

Aka sake kiran ta, aka yi mata tambayoyi a kan kula da mai ciwon ƙoda, aka ɗauke ta bisa sharaɗin gwaji. Ta ci, ta wuce. Yaya bai ga ƙarshen shekararta ta farko a likitanci ba. Ya hana ni faɗa mata abin da ya faru a masallaci, na riƙe har ranar zaman makokinsa. Da na faɗa mata, sai ta ce, "Baffa, maimaita min yadda ya faɗa." Na maimaita, muka yi kuka tare. Har gobe ina jin zafin cewa ba daga bakinsa ta ji ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Riyad ta yau, Hauwa'u da farar riga tana tuƙa kanta zuwa asibiti. Na san shi sarai. Zai zauna a kujerar baya, ya kafa ido a taga, ya ce min, "Gaya wa yarinyar nan ta rage gudu." Idan ya keɓe kuma ya yi ta hamdala.

Bai bar gida ko gona ba, amma bara Hauwa'u ta yi haihuwar fari, namiji, aka sa masa Isiyaku. Kowa Abba yake ce masa. Jiya na je duba su, yaron ya tashi yana kuka a hannuna. Ita da ta tashi tana ƙorafin alkunya, ta sunkuyar da kai, ta ce da Hausarta mai gargada, "Baffa, miƙo min yaron nan."