Ranar da na hana a ciro taubashina daga lifta

Abubuwa da yawa sun same ni a yawon duniya waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa. Amma ranar da lifta ta tsaya da taubashina a wani asibitin kuɗi a nan Daura, ita kam ba zan manta da ita ba muddin ina numfashi.

Taubashin nawa dillalin shanu ne daga wajen Dutsi, mutum mai jiki, mai ciwon gwiwa, mai baki kuma. Tun muna yara kowannenmu ke cewa ɗan'uwansa ne bawansa, har muka yi furfura ba a raba gardamar ba. Ran nan da bazara, bayan azahar, muka je dubiyar wata gwaggonmu da aka kwantar a hawa na uku. Da muka gama, ni da babban ɗansa muka biyo matakala, shi kuwa ya ce gwiwarsa ba ta haya ba ce, ya shiga lifta shi kaɗai. Muna isowa hawa na biyu aka ɗauke wuta. Sai muka ji bugu daga cikin bango, da muryarsa yana salati yana haɗawa da kiran sunan ɗan nasa.

Kafin in gama fahimtar abin da ya faru, masu jinya da 'yan dubiya sun cika wurin. Wani direba ya ruga ya ɗauko ƙarfen cire taya, maza biyu suka danna shi a tsakanin ƙofar suka buɗe ta da ƙarfi. Liftar ta tsaya ne tsakanin hawa na uku da na biyu, ƙasanta daidai kafaɗata. Ta sama muna hangen ƙafafunsa da gefen babbar rigarsa. Ta ƙasa kuwa, ƙarƙashin akwatin, wani baƙin rami ne buɗe wanda ya tafi har gindin ginin. Kowa sama yake kallo. Ban ga mutum ɗaya da ya dubi ƙasa ba.

Nan da nan aka jawo tebur. Shawarar da aka yanke ita ce ya zauna a bakin liftar, ya zuro ƙafafu, ɗansa da direban su tarbe shi.

Na shiga tsakanin teburin da ƙofar na tsaya.

"Baba, ɗan matsa mu ciro shi," in ji ɗan.

"Ba za a ciro shi ba," na ce.

Ya dube ni kamar bai ji da kyau ba. Mutum ne da ya haura arba'in, mai ladabi, bai taɓa ɗaga mini murya ba. "Ikon Allah! Alhaji na cikin akwati yana gumi, mu kuma mu harɗe hannu muna kallo? Me zan gaya wa mutane?"

Ya kamata in faɗi inda na samo wannan taurin kai. Na yi shekaru a Jidda ina tafinta a wani masaukin alhazai, bayan zaman da na yi a Yamai da Abijan. A masaukin nan duk wanda aka ɗauka aiki, ko shara zai yi, sai wani dattijo ɗan Sudan mai kula da injuna ya zaunar da shi ya karanta masa abin da ake yi idan lifta ta maƙale da mutum. A yi ta magana da na ciki don hankalinsa ya kwanta. A kashe wutar liftar daga makunninta, don kada ta motsa ba zato. A kira makanikinta ko 'yan kwana-kwana. Kada kuma a jawo kowa ta wata kafa idan ƙasan liftar bai yi daidai da daɓen bene ba. Yakan ce akwatin yana da kafofin iska, igiyoyin ƙarfe da birki na riƙe da shi, wanda ke ciki zafi da tsoro kawai ke damunsa. Mutuwa a bakin ƙofa take. Ni na fassara wannan karatu ga ma'aikata da Hausa da Faransanci sau da yawa har na haddace shi. A Abijan ma na taɓa ganin 'yan kwana-kwana sun kori jama'a daga bakin lifta kafin su taɓa komai. Ban taɓa zaton zan buƙaci abin a garinmu ba, inda a ƙuruciyata bene mai hawa biyu ma abin zuwa kallo ne.

Na yi ƙoƙarin bayyana wannan a taƙaice, amma ba a saurari rabinsa ba. Wani daga baya ya ce, "Ku bar shi, zaman ƙasar waje ne ya busar masa da zuciya." Wata tsohuwa mai riƙe da kwanon abinci ta ce, "Mu dai a garin nan ko akuya ce ta faɗa rijiya ba a jiran wani ya zo daga Katsina."

Yanzu da nake tunani, tsohuwar ba ta yi ƙarya ba. Duk abin da mutanenmu suka sani game da ceto, a bakin rijiya suka koye shi. Can kuwa jinkiri kisa ne, ga ruwa, ga iskar da ke shaƙe mutum, wanda ya fara kawo igiya shi ne namiji. Lifta ta yi musu kama da rijiya, sai suka kawo mata ilimin rijiya.

Ana cikin haka na ji ƙarar ana ƙoƙarin tayar da janareta a bayan gini. Wannan ne ya fi ba ni tsoro. Mai janareta aikinsa yake yi, asibiti ne, akwai marasa lafiya da ke buƙatar wuta. Amma idan wuta ta shigo liftar ta zabura alhali rabin mutum na waje, ba sai na faɗi sauran ba. An ce ba ta tashi idan ƙofa na buɗe. Ƙofar da aka ɓalle da ƙarfen taya, ni ban yarda in jingina ran mutum da ita ba. Allah ya taimake ni da babbar nas ɗin wurin, mace mai kaifin murya. Ita kaɗai ta gane abin da nake nufi. Ta leƙa ta taga ta daka wa mai janareta tsawa ya dakata, ta tura mai gyaran wutar asibitin ya hau sama ya kashe makunnin liftar, sannan aka tayar da janareta don ɗakunan marasa lafiya. Ita ce kuma ta buga wa makanikin liftar waya. Yana Katsina. Ya ce ga shi nan tafe, kada a taɓa komai.

Da taubashina ya ji an ambaci Katsina, sai haƙurinsa ya ƙare.

"Kai bawa," ya ce daga sama, "gadona kake jira ne? Ko sisi ban rubuta maka ba. Matsa in sauko."

"Zauna inda kake. Yau ka san wanda ke da iko da wani."

Bai saurare ni ba. Ya zauna a bakin liftar da nishi, ya zuro ƙafafu, ɗansa ya raɓa ta gefena ya hau teburin. Sai ya yi abin da duk mutumin karkara ke yi kafin ya hau ko ya sauka daga wani abu: ya tuɓe takalmansa ya jefo. Ɗaya ya faɗi a daɓe. Ɗayan ya bugi gefen teburin, ya koma baya, ya shige ramin da ke ƙarƙashin liftar. Muka yi ta jira. Sai can muka ji faɗuwarsa a ƙasa, ƙarar ta hawo mana.

A lokacin ne mutane suka sunkuya suka ga ramin. Mutum mai nauyinsa, da babbar riga, da gwiwar da ba ta ɗaukarsa, idan ya saki jiki ƙafafunsa cikin ramin za su lanƙwasa, kuma da wuya ya tafi shi kaɗai bai ja ɗan nasa ba. Na ga ƙafafun sun koma sama a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ɗan ya sauko daga teburin ba tare da ya dube ni ba.

Muka kwantar da teburin a gicciye ya tare bakin ramin, nas ta kori jama'a baya. Aka miƙa masa ruwa da mafici. Ni kuma na jawo kujera na zauna daga gefe na yi aikin da ya rage, wato surutu. Na tuna masa bijimin da ya taɓa kora shi kan bishiya a kasuwar Mai'aduwa, ya tuna mini ranar da na dawo daga Abijan da wando mai faɗin ƙafa yara suka bi ni. Da aka kira la'asar ya ce yana da alwala, ya tambaye ni gabas, na nuna masa, ya yi sallarsa a ciki. Sama da awa ɗaya muka yi a haka.

Makanikin da ya iso bai yi wani abin mamaki ba. Ya duba makunnin ya sa masa kwaɗo, ya gaya wa na ciki ya matsa baya ya riƙe ƙarfe, ya rufe ƙofofin, ya hau sama shi da mai gyaran wuta suka sauko da akwatin da hannu sannu a hankali har ya yi daidai da daɓe. Ya buɗe da ɗan makullinsa. Taubashina ya tako ya fito da ƙafarsa, rigarsa sharkaf, ya ce a nemo masa shayi.

Ɗan nasa ya yi watanni gaisuwarsa gare ni a taƙaice take, ban kuma ga laifinsa ba. Na tsayar da shi a gaban jama'a lokacin da ubansa ke kiran sunansa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, ko da an yi shi da gaskiya.

Na zauna a garuruwan da mutum zai faɗi a titi a wuce shi, don haka ba na raina saurin hannun mutanenmu. Ban ga inda aka fi su ba. Abin da ranar ta koya mini shi ne sabon abu yana zuwa da nasa ka'idojin, kuma son mutum ba ya maye gurbin saninsu. Wani ceton da gudu ake yinsa. Wani kuwa sai an sami wanda zai tsaya a bakin ƙofa ya ce a jira, ya kuma yarda a ji haushinsa.