Yaya Bello, Wanda Ya Auna Kwarin Jega

Shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar yayana Bello, safiyo, kuma har yau in na tuna yadda ya tafi sai raina ya ɓaci.

Jihar Kebbi tana jaririya aka turo shi Jega ya auna tudu da kwari kafin a yanka filaye. Da ƙafa ya yi aikin, na'ura mai ƙafa uku a kafaɗa, daga bakin gulbi har gonakin albasa na Aliero. Da ya gama, ya ce akwai wani fili da bai kamata a yi gini a cikinsa ba. Wani babba da ya riga ya yi wa mutanensa alkawarin wurin ya nemi ya sake awo.

"Ranka shi daɗe, wanga wuri kwari na," in ji Yaya. "Ko na sake awo, ruwa ba shi sake hanya."

Ladan da ya samu shi ne canjin wurin aiki zuwa ƙauyukan Maiyama. Can wajen Sarandosa maciji ya sare shi da damina, rafi ya yanke hanya, ya cika a kan amalanke kafin a kai shi asibiti.

Bana ɗiyarsa Hadiza, wadda ta gaji aikinsa, ta nuna mini wata taswira. Ta ce tauraron ɗan'adam ne ke aiko da sigina ta ratsa gajimare, ta bugi ƙasa ta koma, sai a san tsayin kowane wuri. Ga kwarin nan ƙuru-ƙuru, cike da gidajen talakawan da aka sayar wa, waɗanda duk damina ambaliya ke sa su kwashe yara zuwa makaranta su fake.

Da Yaya zai ga wannan na'ura, na san zai yi murna kamar yaro. Sannan ya tambaya wa ya hana a duba. Da can ana iya cewa mutum ɗaya ya yi kuskure. Yanzu fa? An ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, amma a nan mai kunnen daban, mai jikin daban.

Bai bar gida ba, babu titi mai sunansa. Sai dai manoman Gehuru da suka ji shawararsa suka mai da rumbunansu kan tudu. Jikokinsu ba su san shi ba, amma gero busasshe suke ci. Allah Ya jiƙan Yaya.