Shekara Biyar da Aka Rage wa Dokas

Lokacin da na shiga takabar Malam Datti, famfon gidanmu a unguwar Kwamba, nan Suleja, ya yi wata guda bai ɗiga ba. Bayan sadakar bakwai 'yan uwa suka watse, 'yata Fiddausi ta koma ɗakinta a Lambata, na rage ni kaɗai. Da safe na ɗaga labule sai na ga bokiti biyu cike da ruwa a bakin ƙofata, an kife musu faranti saboda kajin masu haya. Washegari ma haka. Ban tambayi kowa ba, amma na gane mai kawowa da takunta, don silifa ɗaya take ja a ƙasa. Dokas ce, ta ɗakin ƙarshe kusa da bayi. Har na fita takaba ba ta fasa ba, kuma ba ta taɓa tsayawa a yi mata godiya ba.

Gidan haya ne mai ɗaki tara. Kowa da nasa baƙi, ban da ita. Ranar Lahadi takan ɗaura ɗankwalin zumuntar mata ta tafi coci, ta dawo ta rufe ƙofa. Sauran ranaku tana zaune a kan kujerar tsuguno tana ɓare wa matan kasuwa agushi. Ban taɓa ganin hannu mai sauri irin nata ba. Ko babu agushi a gabanta, yatsun ba sa hutawa, sai ka ga suna tsalle a kan gwiwarta. Da muka saba na tambaye ta, ta yi dariya.

"Maman Fiddausi, tafireta ce ba ta sake ni ba. Shekara goma sha shida ina bugawa."

Daga wani ƙauye take bayan Kafanchan. Kawunta Irmiya, masinja ne a wata ma'aikatar gwamnati a Abuja, shi ya samo mata aikin. Ranar da za ta cike takardun kama aiki, ya riƙe mata biro. Ya ce kowa a nan yana da shekaru kashi biyu, na Allah da na gwamnati, kuma wawa ne kaɗai yake ba gwamnati na Allah. In ka rage, ka daɗe kana cin albashi kafin a ce ka tsufa. Tana da ashirin da biyar, ya sa ta rubuta ashirin. Ta ce a lokacin ko a jikinta, don duk teburin da ke ofishin haka aka yi. Akwai wani mai furfura har gira wanda takardarsa ta ce bai kai arba'in ba.

Ta yi aure, mijin ya rasu ba su haihu ba. Daga Suleja take zuwa aiki kullum, don hayar Abuja ba ta ƙaramin ma'aikaci ba ce. Sai mahaifiyarta ta samu shanyewar ɓarin jiki, babu mai jinya. Ta ɗauko ta, ta gwada haɗa aiki da jinya ta ga ba hali, ta ajiye aikin da kanta. Aka ba ta ɗan wani kaso na abin da ake yankar mata ana tarawa, aka ce ragowar fanshon yana nan da sunanta a kamfanin da ke ajiyewa, amma ba ta taɓa shi sai ta cika hamsin. Tsohuwar ta yi shekara uku a kwance ta rasu. Dokas ba ta koma ƙauye ba. Ta ce gonar an raba, ɗakin ya rushe, waɗanda suka san ta yawanci suna bayan coci a kwance.

Hamsin ɗin nan ita ce abin da take jira. Ba wani dogon buri gare ta ba: ta je asibiti a duba idonta da ya fara hazo, ta daina ɓarar agushi, ta sa siminti a kabarin uwarta. A watan da ta cika, ta wanke atamfarta ta goge, ta zo ƙofata.

"Ki raka ni mana. Ba na son shiga wurin nan ni ɗaya."

Muka hau Keke Napep zuwa tasha, muka shiga bas ɗin Abuja. Tun daga Madalla take nuna mini wurare, nan ne suke tsayawa jiran motar ma'aikata, can ne ruwa ya taɓa tsare su. Ban taɓa jin ta yi magana da yawa haka ba.

Ofishin kamfanin akwai sanyi kamar cikin firij. Aka ba mu lamba muka zauna har azahar ta kusa. Wadda ta karɓe mu wata matashiya ce, Funmi, mai fara'a, tana ɗan taɓa Hausa. Ta karɓi katin ɗan ƙasa na Dokas, ta dubi kwamfuta, ta sake duban katin. Sai fara'ar ta ragu.

"Mama, shekarunki nawa?"

"Hamsin."

"Katinki ya ce hamsin. Amma fayil ɗinki na aiki ya ce arba'in da biyar."

Na ga yatsun Dokas sun tsaya cak a kan jaka. Ashe rajistar katin a harabar cocinsu aka zo aka yi, bayan ta bar aiki. Da aka tambaye ta ranar haihuwa, ta duba ta ga inda take zaune, ta faɗi ta gaskiya. A ganinta zancen shekarun gwamnati ya ƙare tun ranar da ta miƙa makullin ofis.

Funmi ta yi mana bayani a hankali, har da zane a bayan takarda. Ba za a biya ba sai kati da fayil sun faɗi abu ɗaya. Ko dai a mayar da katin ya bi fayil, ta kawo takardar rantsuwa daga kotu cewa na fayil ne daidai, sannan ta jira shekara biyar, ranar da ta cika a biya ta ba gardama. Ko kuma a gyara fayil ya bi katin. Wannan sai tsohuwar ma'aikatarta ta yarda ta rubuto, kuma ba sa son taɓa ranar haihuwa, don wanda ya nemi haka kamar ya kai ƙarar kansa ne. Ta ce ta ga wanda ya dace a shekara guda, ta ga wanda har yau shiru.

A hanyar dawowa ba ta nuna mini komai ba.

Bayan kwana uku ta ce mu je kotu. A gindin mangwaron da ke bakin ƙofa akwai masu buga wa mutane takardun rantsuwa. Muka zauna a bencin wani Mu'azu, mai tsohuwar tafireta da surutu kamar rediyo. Ya ji bayani ya tafa hannu.

"Madam, ai wannan ba ciwo ba ne! Jiya-jiya na mayar da wani baba yaro, da sandarsa ya zo. Ke da aka ce kin rage biyar, wasu matan kuɗi za su biya a yi musu haka."

"Rantsuwa fa ce," in ji Dokas.

"Wace rantsuwa? Hatimi ne kawai. Ba wanda zai ce ki ɗaga Littafi. Hajiya, ki gaya wa ƙawarki, ta bi inda gwamnati ta sani. Wanda ya ce zai gyara wa gwamnati fayil, sai ya shirya tabarma."

Allah ya gafarta mini, ni ma zuciyata ta karkata can. Na dubi idonta da ke hawaye saboda rana, na ce a raina shekara biyar da tabbas ta fi jira marar rana. Na ce mata a hankali, "Anti Dokas, ko za ki yi tunani?"

Mu'azu ya riga ya zura takarda ya fara bugawa da yatsa biyu. Ta zuba wa hannunsa ido har ya kai layin shekara. Sai ta ce ya dakata.

"Wancan karon yarinya ce ni, wani ya riƙe mini biro. Yanzu wa zan ce ya riƙe mini?"

"To Madam, me zan buga?"

"Tashi ka ba ni wuri."

Ya tsaya yana kallonta, sai ya tashi yana dariya, yana kiran abokan sana'arsa su zo su ga an ƙwace masa ofis. Ta gyara zama, ta ciro takardarsa ta zura sabuwa. Ban san lokacin da mutane suka taru ba. Ba ta duban yatsunta ko kaɗan, ƙarar tana zuba kamar ruwan sama a kan kwano. Ta buga shekarar da aka haife ta. Ta ƙara da wasiƙa zuwa ma'aikatar, ta rubuta abin da aka yi da yadda aka yi, ba ta sa sunan kawunta ba tunda ya riga mu gidan gaskiya. Mu'azu ya karanta ya girgiza kai.

"Ko kuskure ɗaya babu. Amma wallahi Madam kin saya wa kanki tafiya."

Bai yi ƙarya ba. Ta haɗa da katin baftismarta da ya yi ja don tsufa, ta kai. Yau shekara ɗaya da wata bakwai ke nan. Duk Litinin ɗin farkon wata takan je. An ce fayil yana sama. An ce mai sa hannu ya tafi kwas. An ce ta kawo wani hoton, na farko ya ɓata. Waɗanda suka yi aiki tare duk sun yi ritaya ko an canza musu wuri, masu gadin ƙofa ma ba su san ta ba, sai ta rubuta sunanta a littafin baƙi. Wannan ya fi komai yi mata ciwo. Ta ce teburinta yana nan, an ɗora masa injin ruwan sanyi.

Na daina raka ta don ƙafata, sai dai in ajiye mata tuwo in ta dawo. Ba ta taɓa ce mini ta yi nadama ba, ni kuma ban tambaya ba. Amma agushin da take ɓarewa a yini ya ragu, yanzu da lalube take tsince ɓawon.

Watan jiya jiri ya kwashe ta a tasha, wasu masu Keke suka kawo ta gida. A kemis aka ce jininta ya hau. Ta yi kwana huɗu a kwance, babu wanda ya zo sai mata biyu daga zumunta, suka yi addu'a suka tafi. Rana ta biyar bayan la'asar ina kan sallaya ina lazimi, na ji sallamarta. Ta zauna a dokin ƙofa da wata takarda ta kamfanin fansho a hannu, ta jira har na shafa.

Ta nuna mini wani layi da yatsa. Wurin sunan wanda za a nema ne idan wani abu ya sami mai fansho. Sunan mahaifiyarta ne a wurin tun da can, ba ta canza ba.

Na ce, "Ba ki da kowa a gida? Ko a coci?"

"Akwai masu suna. Amma ke ce za ki fara sanin ƙofata ba ta buɗe ba."

Ta miƙo mini biro.

"Ki ba ni cikakken sunanki da hoto ɗaya, Rahmatu. Ba na ce ki yi ta zarya kamar ni ba. In an kira ki, ki je sau ɗaya. In suka tambaye ki shekaruna, ki faɗa musu na gaskiya."