Ranar da Na Kwance Zaren Autarmu

Ko zan tsufa har in riƙa manta inda na ajiye takalmina, ba zan manta da ranar da na kwance zaren autarmu ba. An yi shekaru yanzu, amma har gobe in na ga bini-da-zugu a gefen hanya sai na taɓa leɓena na sama.

Ni sana'ata awon hatsi a kasuwar Gumel, kuma abin da nake taƙama da shi shi ne tsabtar kaya. Ba ka sayen gero a wurina ka tarar da tsakuwa. Autarmu kuwa ita ce ta yi nisa a boko, lokacin tana digiri na biyu a fannin noma. Da damina ta faɗi a shekarar, sai ga ta a ƙauyenmu da ke wajen Gagarawa, wai bincikenta a kan bini-da-zugu ne. Dariya na yi har da riƙe ciki. Itacen da ko akuya ba ta ci, wanda muke kafawa a iyakar gona don ya tare dabbobi, shi za a yi wa digiri?

Ta ce, "Yaya, man da ke cikin 'ya'yansa ana sarrafa shi ya zama dizal. Injin niƙa zai sha, injin ban-ruwa zai sha. Sai dai namu na gida ba ya 'ya'ya sosai, shi ya sa zan ɗaura masa aure."

Ashe tun shekara biyu baya ta dasa iri biyu a bayan gidanmu, ni ban ko lura ba. Ɗaya daga wajen Maigatari ta samo shi, mai jure fari ne. Ɗayan daga makaranta ta kawo, mai yawan mai. Kullum da safe sai ta ɗebi ƙurar furensu da wani ɗan buroshi, ta je shingen gonarmu ta shafa wa furen namu, ta rufe da 'yar jakar farin yadi don kada zuma ta kawo wata ƙurar. Wadda ta sa wa na Maigatari ta ɗaure da jan zare, wadda ta sa wa na makaranta da shuɗi. Duk wannan bayanin ta yi shi a gabana, amma ni lokacin hankalina yana kan tuwo. Inna dai cewa ta yi yarinyar nan ta mayar mana da shinge wurin shanya.

Ta koma makaranta. Da kaka ta kira ni ranar kasuwa, ina tsakiyar yi wa wani awo. Abin da na ji kawai shi ne, "In sun yi baƙi ka ciro mini su ka ajiye." Sauran maganar da "to, to" na bi ta.

Na ce yau zan nuna wa 'yar boko yadda ake aiki. Na ɗauki kwando na bi shingen, in kwance zare, in zazzage 'ya'yan a kwando, in jefa jakar a buhu. Ina dab da ƙarshe, saura itace uku, na zura hannu ban san rina ta yi gida a ciki ba. Ɗaya ta same ni a leɓe, wata a wuya. Na suri kwandona, ban tsaya ba sai bakin hanya, na ce waɗannan ukun na bar wa masu su.

A gida na ɓare 'ya'yan tsaf, na sheƙe su a faifai, na zuba a sabuwar kwalla. Matata ta wanke jakunkunan ta ninke. Zaren ma ban yar ba, na naɗe shi na ba Inna ta yi ɗinki.

Ranar da autar ta iso, na ajiye mata kwallar a gabanta ina jiran yabo. Ta buɗe, ta kalla, ta daɗe tana kallo.

"Yaya, ina zaren?"

Na nuna mata ƙullin da ke hannun Inna, ja da shuɗi a cakuɗe.

Ta zauna a bakin turmi. Ba ta yi faɗa ba, kuma wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. A hankali ta ce, "Yanzu wanne ne ɗan wane? In ban san uban kowane iri ba, babu abin da zan rubuta. Shekara biyu na yi ina jiran furen nan." Sai a lokacin na gane cewa ba 'ya'yan take so ba, zaren nan shi ne karatun. Kunya ta rufe ni, ga tausayinta, ga ni kuma babba a gida.

Sai Inna ta juyo wajena. Ta ce, "Kai da ka dawo mini da baki kamar na raƙumi, ka gama shingen kuwa?"

Ban san lokacin da na tayar da babur ba. Muna isa muka hango fararen jakunkuna suna lilo a itatuwan ukun nan, wasu da ja, wasu da shuɗi, kowace da 'ya'yanta a ciki. Autar ta kama dariya hawaye na zuba. Na ce bari in kunna yayi in ƙone gidan rinar, ta ce, "A'a, Yaya, ka bar su. Ba a korar mai gadin da ya yi aikinsa." Haka na lulluɓe kaina da rawani na shiga na yanko jakunkunan ɗaya bayan ɗaya, kowace da zarenta. Rinar suka ƙara mini harbi biyu a hannu.

Abin da muka tsira da shi ya isa malaminta ya yarda ta ci gaba, amma sai da ta sake auren a damina ta gaba, 'yan ajinsu suka riga ta gamawa. A wannan daminar ni ne ɗan riƙe buroshi, auta tana ba ni umarni ina cewa to, kuma wannan karon da kunnena nake faɗa. Kwallar da na sha wahala a kanta kuwa Inna ta yi sabulu da 'ya'yan da ke ciki, mun daɗe muna wanki.

Yau in ta kira ni ina awo, sai in ajiye kwanon in ce mai saye ya yi haƙuri. Gwaninta ce ta kai ni, na ɗauka duk abin da ya shafi iri na fi ta sani. Tun daga ranar na riƙe abu guda: ƙullin da ban san dalilin ɗaura shi ba, ba na kwance shi sai na tambayi mai shi.