Falle Ɗaya daga Littafin Inna Hajo

Ranar wata Alhamis ce da ba mu da makaranta, bayan ruwan ƙarshe ya ɗauke, a shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. Gero ya shigo gida, dammuna jingine a jikin rumbu, tsakar gidanmu na garin Turba duk ƙaiƙayi da ƙanshin sabon hatsi. Da hantsi kakata Inna Hajo, mahaifiyar babanmu, ta sa aka kora awaki waje, ta share gefen ɗakinta har sau biyu, ta shimfiɗa sabuwar tabarmar kaba ta ɗora farin zane a kai. Sannan ta ce in je in yi alwala in zo in kama mata adaka. Adakar ta katako ce mai baƙin ƙarfe a kusurwoyi, tana zaune a lungun ɗaki bisa duwatsu huɗu saboda gara. Sau ɗaya a shekara ake fito da ita, idan damina ta wuce, don abin da ke ciki ya sha rana ya rabu da danshi. Mu yara ba a taɓa bari mu matso ba. Amma a shekarar idon Inna ya fara hazo, hannunta kuma yana rawa, sai ta duba cikin jikokinta ta ce ni Balki ce ba ni da garaje. Ashe ba ta gama sanina ba.

Na yi zaton za ni ga zinariya ko tsofaffin zannuwa. Abin da ya fara fitowa hoto ne guda, ya yi jaja-jaja don tsufa: marigayi kakanmu a Maraɗi lokacin yana fataucin fata, tsaye ƙyam, a bayansa an zana wani gidan sama da furanni irin waɗanda ba su fita a ƙasarmu. Na daɗe ina kallon gidan kafin Inna ta ce mini ai ƙyalle ne aka rataya. Daga nan ta ciro gafaka, wato jakar littafi, ta jar fatar akuya wadda hannuwa suka shafa har ta yi sheƙi. A ciki akwai bango biyu na busasshiyar fata ɗaure da igiya, a tsakaninsu kuma takardu masu kauri, ba ɗinki ba manni, kowane falle zaman kansa yake. Waƙoƙin wa'azi ne da yabon Annabi, wasu da Larabci, wasu da Hausar ajami, kaɗan da Fillanci. Inna ta haddace mafi yawansu, su take rera wa matan unguwa da ke zuwa ɗaukar karatu wurinta bayan la'asar.

Ni ba rubutun ne ya kama ni ba, zayyanar ce. A farkon kowace waƙa an yi wani zane da baƙar tawada da ja da rawaya. Wani kamar faifai, wani kamar saƙar tabarma, layi ya shiga ƙarƙashin layi ya fito ya sake nutsewa. Na bi ɗaya da tsinke, ba tare da na taɓa takardar ba, ina neman inda ya fara, har idona ya yi ruwa ban samu ba. Aikina shi ne in jera fallayen bisa zanen, in danne kowane da ɗan dutse mai santsi, in kori kaji. Can na ɗauki wani falle da gara ta taɓa huda gefensa, na ɗaga shi sama don in leƙa rana ta hujin. Sai na ga wani abu a cikin jikin takardar, ba bisa ba, ba baya ba: jinjirin wata guda uku a jere, babba da matsakaici da ƙarami. Na sauke, suka ɓace. Na sake ɗagawa, suka dawo.

"Mi kinka gani?" in ji Inna. Na gaya mata. Ta yi murmushi ta ce ita ma tana kamar shekaruna ta gan su. Mahaifinta ya ce mata takardar bisa raƙuma ta keto hamada, daga bakin wani teku. Wanda ya sa watan a ciki kuwa, Allah masani. Ta ci gaba da kaɗe gafakarta, kamar maganar ta ƙare.

A wurina ba ta ƙare ba. Na je ɗebo ruwa rijiya ina tunanin watan, na yi surfe ina tunaninsa, ƙawayena suka kira ni carafke na zubar da duwatsun tun a zagayen farko. Mutum ɗaya na sani wanda ba a yi masa tambaya ya ce Allah masani ya yi shiru, shi ne Malam Garba, malamin ajinmu, mutumin Sabon Birni, wanda ya taɓa nuna mana yadda dare da rana ke zuwa da lemu da fitilar hannu. Da la'asar, muna tattara takardun, na zare fallen nan na sa cikin littafin lissafina. A raina aro ne na yini ɗaya. Za ni kai masa da safe, in dawo da shi kafin a sauko Juma'a.

Malam Garba ya fita da fallen bakin aji ya ɗaga shi sama ya duba. Sannan ya tara mu ƙarƙashin itacen bedi na makaranta ya ce wannan ba tsafi ba ne, ba kuma aikin aljanu ba. Masu yin takarda a wata ƙasar Turai, tun zamanin kakannin kakanninmu, sukan lanƙwasa siririyar waya su ɗaura a jikin rariyar da suke tace kwaɓin takarda. Inda wayar ta kwanta takardar takan fi sauran wuri rashin kauri, shi ya sa haske ke ratsawa. Alamarsu ce, kamar yadda makiyayi ke yi wa saniyarsa. Raina ya ɗan sosu da jin abin waya ne kawai. Amma kafin a buga ƙarfen tashi wasu tambayoyin sun taso mini. Mutumin da ya lanƙwasa wayar, ya san takardarsa za ta zo Gobir? Me ya sa ya zaɓi wata? Malam ya ce in bar masa fallen zuwa Litinin, yana son ya kwafi zayyanar. Ban san yadda ɗaliba ke ce wa malami a'a ba. Na bar masa.

Ranar Asabar Inna ta zauna mayar da littafin. A nan na ga abin da ban lura da shi ba: a ƙasan kowane falle, can kusurwa, marubucin ya rubuta kalmar da za ta fara falle na gaba. Da ita ake gane jeri, tunda babu lamba. Inna tana kai takarda dab da idonta, ta karanta kalmar, ta nemi 'yar'uwarta. Tana cikin haka ta tsaya. Ta koma baya, ta sake zuwa, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Ba ta yi faɗa ba, ba ta tuhumi kowa ba. Cewa ta yi iska ce ta ɗauke, kuma laifinta ne da ta yi gyangyaɗi. Aka duba bayan rumbu, aka ɗaga dammunan gero ɗaya-ɗaya, aka leƙa cikin darni da turken awaki. Har da ni cikin masu nema, ina ɗaga kara ina ajiyewa.

Abin da ya sa lamarin ya yi nauyi, Inna tana da ƙane a garin Isa, malami mai ɗalibai, muna ce masa Malam na Isa. Tun rasuwar mahaifinsu yake cewa littafi a zauren malamai ya kamata ya zauna, ba ɗakin tsohuwa ba. Ita kuma takan ce daga hannun mata ya biyo, a hannun mata za shi tsaya. An kuwa sa ran zuwansa sunan jaririn da aka haifa a gidanmu cikin makon, kuma duk zuwansa sai ya nemi a kawo littafin ya duba. Inna ta san in ya tarar da gibi ba ta da sauran hujja. Ta daina cin tuwo, fura kawai take kurɓa. Matan da ke zuwa karatu ta ce su huta. Na riƙa gaya wa kaina Litinin ta kusa. Litinin ta zo, aka ce Malam Garba ya tafi gida, mahaifinsa ba lafiya, ba a san ranar dawowarsa ba.

Kwana ɗaya na ƙara ina riƙe da maganar. Washegari da safe na kai wa Inna kunu na same ta zaune da gafakar a cinya, tana rera waƙar da ta yanke a hankali, tana ƙoƙarin tuna baitocin da ke cikin fallen da ya ɓace, tana kakarewa a wuri ɗaya. Na ajiye ƙwaryar na durƙusa na faɗi komai. Na jira mari. Ta daɗe tana dubana da idanun nan masu hazo, sannan ta ce, "To mi malamin naku yac ce game da watan?" Na gaya mata zancen waya da rariya. Ta ce, "Ikon Allah. Ɗauko mini mayafina, za ni Sabon Birni."

Baba ya ce shi zai je, ta ƙi. Ta yi shekaru ba ta shiga mota ba, amma ranar muka hau akori-kura tare da masu kai albasa kasuwa, ita a gaba, ni a baya bisa buhu. Muka yi ta tambaya har muka sami gidan. Malam Garba ya fito, da ya ga tsohuwa ya gane, ya tuɓe takalmi ya durƙusa yana ba da haƙuri. Inna ta fara tambayar jikin mahaifinsa, ta yi masa addu'a, kafin ta ambaci abin da ya kawo ta. Ya ɗauko fallen daga tsakiyar wani babban littafin taswira, lafiya lau, tare da takardu huɗu da ya ɓata yana gwada kwafar zayyanar da jan biro da baƙi. Ya ce duk inda ya bi sai layin ya ɓace masa. Inna ta shafa zanensa ta ce ai ba daga gefe ake farawa ba, ɗigo ake fara jerawa, sannan a zagaya su. Haka ta ga kakarta na yi a ƙasa da yatsa. Shi kuma ya buɗe taswira ya nuna mata tekun da hamadar, ta sa yatsa ta bi hanyar a hankali har inda ya ce nan ne mu. Sai da aka kira azahar muka tashi.

Malam na Isa ya zo suna, ya duba littafi, ya tarar da shi cif, ya sha furarsa ya koma. Ni kuwa hukuncina ya fi bulala tsawo. Inna ta ce tunda hannuna ya iya zarewa, sai ya koyi mayarwa. Kullum bayan na dawo makaranta na gama wanke-wanke, sai ta cakuɗa fallaye goma ta ce in jera su da kalmar kusurwa. Ta haka na iya karatun ajami da rubutun hannu na mutanen da, wanda ya bambanta da na allonmu. "Mai tambaya ba shi ɓata," takan ce, "amma shi tambayi mai abu tukuna." Sai da rani ya raba muka kai fallen ƙarshe. A can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, wanda ya kwafi littafin ya rubuta cewa ya gama ranar Laraba, ya nemi gafarar kurakuransa. Ina haɗa baƙaƙen sunan sai na ga Hawwa'u 'yar Muhammadu. Mace ce. Inna ta ce kakar kakarta ce, kuma iyakar abin da ta sani game da ita ke nan. Na yi ta tambaya, wa ya koya mata, da wane alƙalami, tana da 'ya'ya a goye lokacin da take waɗannan zane-zane? Babu mai amsa.

Inna ta rasu ina makarantar horon malamai, ta bar wasiyya a ba ni gafakar, Malam na Isa kuma bai ja ba. Shekarun nan da rashin tsaro ya tashe mu daga gida, ita na fara ɗaurawa a bayana kafin tufafi. Yau muna zaune a gidan haya a Sakkwato. Gonakinmu sun yi shekaru ba mu gan su ba, matan da ke cika ɗakin Inna da amshi sun watsu, wasu Isa, wasu Nijar, wasu sun riga mu. 'Ya'yana suna da hotuna a waya fiye da yadda za su iya kallo, sukan share ɗari a zama ɗaya ba su ji komai ba. Ban ga laifinsu ba, zamaninsu ke nan. Ni dai nakan sa tabarau in buɗe fallen ƙarshe, inda Hawwa'u ta roƙi duk wanda ya karanta ya yi mata addu'a, ita da iyayenta. Ban san kamanninta ba, ban san inda kabarinta yake ba. Abu ɗaya ta nema a wurin mutanen da ba za ta taɓa gani ba, kuma har yau ana ba ta.