Wankan Mis Dora a Kan Tafki

Cikin shekarun da na yi ina kula da tsofaffi a gidajensu a nan Greensboro ta Amurka, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da na yi wa wata tsohuwa wanka a cikin jirgin ruwa. Ku sababbin shiga ku saurara, don wata rana za ku ci karo da irinta.

Zan kira ta Mis Dora, kun san ba a yarda mu faɗi sunan gaskiya ba. Baturiya ce, ta haura tamanin, ciwon mantuwa ya fara cin ta. A Pleasant Garden take, a gidan aurenta, tare da 'yarta Janet. Ga wanda bai san tsarinmu ba: kamfani ke tura mu, nas ke tsara abin da za a yi wa mutum, mu mu aiwatar, in mun tashi mu shigar a waya abin da aka yi da abin da aka ƙi. Nas ɗin da ke sama da ni ita ce Anti Rifkatu, 'yar Kafanchan, mai kirki, amma ba ta ɗaga ƙafa a kan aiki.

Abin da Mis Dora ta ƙi shi ne wanka. Da na kunna shawa sai ta ƙanƙame ƙofa, tana kiran mamanta. Lallashi, waƙa, alkawarin ayis kirim, babu wanda ban gwada ba. Sai dai in goge ta da tsumma, shi ma sama-sama. Fatarta ta fara ja a hammata da matsematsi. Anti Rifkatu ta duba, ta ce mini, "Balaraba, in wannan ya fashe ya zama gyambo, dole in rubuta cewa zaman gida ya gagara, a kai ta gidan tsofaffi. Ba na so, amma ba zan yi ƙarya ba." Da ta maimaita wa Janet da Turanci, Janet ta fita lambu ta daɗe ba ta dawo ba.

Ita Janet irin masu tattalin muhallin nan ce. Ruwan sama a durom take tarawa, ɓawon dankali ya zama taki, kaya a igiya take shanyawa alhali ga injin busarwa a ajiye. Da farko na ɗauka rowa ce. Na ce a raina, na baro Funtuwa don in huta da wannan, ga shi na tarar da shi da digiri. Sannu a hankali ni ma na koma zuwa cefane da jakar yadi.

Da zafi ya shigo, Janet ta ce za ta kai uwarta hutu a jirgin ruwa mai ɗakuna, irin wanda ake haya a kwana a ciki, a wani tafki wajen iyakar Virginia. Can suke zuwa tun babanta na da rai, kuma tana ganin wannan ne na ƙarshe. Kamfani ya amince in bi su. Ni kuwa ruwan da na sani na rijiya ne da na randa. Tun daga wurin ajiye mota na sa rigar ceto, mai jirgin yana ta ƙunshe dariya.

Ya yi mana bayani. Ruwan sha da na wanka a tanki ɗaya suke, in ya ƙare ya ƙare. Ruwan datti yana da nasa tankin, ko ɗigon sabulu ba a zubawa a tafki. Wuta daga sola take, a yi ta tattali. Don haka Janet ta cika baƙin bokiti ta ajiye a rana ya yi ɗumi da kansa. Gaskiya na ji daɗin wurin. Da safe babu ƙarar mota, sai tsuntsaye da ruwa na taɓa gefen jirgi, mu sha shayi ƙafa a miƙe. Na manta rabon da in yi barci irin wannan.

Washegari da la'asar na ɗebi ruwan bokitin a butata, na zauna a bayan jirgi ina alwala a kan roba. Mis Dora na kan kujera tana kallona. Can sai ta miƙo hannuwa biyu. Na zuba mata kaɗan.

"Da ɗumi," ta ce. "Haka mama take yi mana ranar Asabar, a bayan gida, da kofin gwangwani."

Ban yi garaje ba. Wanka a wurin da ba a tsara ba sai da izinin nas. Na kira Anti Rifkatu.

"Anti, tana neman ruwa da kanta."

"A cikin jirgi? Ke da ko kwalbati ba kya so ki tsallaka?" Sai ta ce, "To, a banɗaki, a zaune, tawul a ƙasa don santsi, Janet na bakin ƙofa. In ta ce a'a sau ɗaya, ki tsaya."

Na zaunar da Mis Dora, na ɗebo ruwa a kofi zan zuba mata a kafaɗa, sai ta riƙe hannuna. Na ce shi ke nan, an koma gidan jiya. Ashe kofin take so. Ta karɓa, ta zuba wa kanta a hankali, ta sake ɗiba. Ni nawa sabulu da cuɗa baya. Har kai muka wanke, bokitin bai ƙare ba. Janet na bayan ƙofa tana kuka ƙasa-ƙasa, ni ma sai da na share nawa hawayen da gefen mayafi.

A nan na gane ba ruwa take tsoro ba. Ruwan da ke faɗo mata daga sama da ƙara, ba ta san ta ina ba, ba ta da ikon tsayar da shi, shi take gudu. Wannan sana'a tamu, sau da yawa in tsoho ya ƙi abu, ba abin ya ƙi ba, yadda muka zo masa da shi ya ƙi. An karɓe masa mota, an karɓe masa girki. Abin da ya rage a hannunsa, ku bar masa.

Da muka dawo, bokiti da kofi suka shiga tsarin aikin. Bayan 'yan makonni Anti Rifkatu ta zo dubawa. Ta ɗaga hammata, ta duba matsematsi, ta daɗe tana kallo, ni da Janet kuwa muna tsaye muna jira. Sai ta cire safar hannu ta ce, "Fata ta warke."

Mis Dora ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta ɓata rai. "Me waɗannan mutanen ke yi a gidana?"

Anti Rifkatu ta ɗauki jakarta. "Tafiya za mu yi, Mama. Ke ki yi zamanki."